Yadda Ake Atisayen Naushi da Shuri a Tsaye, Tun Daga Tafin Ƙafa

Duk yaron da ya zo filin da muke atisaye a nan Kubwa, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Koci, yaushe zan fara dukan buhu?" Nakan ce masa, "Ƙanena, ga buhu can a rataye, ba inda za shi. Fara nuna min yadda kake tsayuwa." In ya gyara tsayuwa sai in ɗora masa tafin hannu a kafaɗa in ɗan tura. Mafi yawansu sai sun yi taga-taga, har da majiya ƙarfin da ke wuni suna lodin katako a kasuwar Dei-Dei. To wanda turin tafin hannu ya gusar, ina ga ranar da aka kawo masa naushi?

Naushi daga ƙasa yake tasowa. Ƙafa ce ke tura ƙasa, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu shi ne ɗan aiken da ke kai saƙo. A kan wannan na gina tsarin da zan shimfiɗa a nan, kuma yana amfanar mai son damben boksin, da mai son kikboksin ko Muay Thai na ƙasar Tailan, da mai sha'awar MMA, wato wasan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, har da ɗan damben gargajiya. Na rubuta shi ne da mai amfani da hannun dama a raina, wato ƙafar hagu a gaba. Bahago sai ya juya komai.

Kayan da za ka tanada

Ba su da yawa: igiyar tsalle, bandejin naɗe hannu mai tsawon kamar mita huɗu da rabi, safar hannu ta dambe, robar kare haƙora, alli ko guntun gawayi, da wayar da ke da agogo. Da oza ake auna nauyin safar hannu. Mai oza 12 ko 14 ta isa dukan buhu, amma ranar da za ka gwada hannu da mutum sai mai oza 16, wadda nauyinta ya kusa rabin kilo, don ta fi laushi a fuskar ɗan'uwanka.

Buhun kuwa, ina roƙonka kada ka cika shi da yashi zalla. Ni na yi, shekarun baya, a tsakar gidan da nake haya. Cikin mako biyu yashin ya sauka ƙasa ya dunƙule kamar bulo. Wata safiya na kai masa naushi da ɗanyen hannu babu bandeji, na ji wani ƙas a bayan ƙaramin yatsana. Kafin hantsi bayan hannun ya kumbura suntum, hoto ya nuna ƙashin ya tsage. Sama da wata guda ko cokali ban iya riƙewa da shi ba. Yanzu ƙyallayen da teloli ke zubarwa muke karɓowa, mu danna su sosai cikin buhu, mu sa ɗan yashi kaɗan da aka ƙulle a leda a tsakiya don nauyi, mu kewaye shi da garin katako. A rataye shi yadda tsakiyarsa za ta zo daidai ƙirjinka.

Da turmi za ka auna komai, kamar yadda ake faɗa a filin dambe. Turmin boksin minti uku ne, hutu minti ɗaya. Na MMA minti biyar. Mai farawa ya kama minti biyu, ya huta ɗaya, har sai numfashinsa ya zauna.

Mataki na 1: Ɗumama jiki

Sassarfa ta minti biyar, sannan ka jujjuya wuya a hankali, kafaɗu, ƙugu, gwiwoyi da idon sawu. Daga nan tsallen igiya turmi uku. Tsallen kada ya yi sama, iyakar abin da igiya za ta wuce ƙarƙashin ƙafa, kuma a kan gaban tafin ƙafa kake dira ba dunduniya ba. In igiya ta harɗe, ka warware ka ci gaba, kowa da haka ya fara.

Mataki na 2: Tsayuwa

Ja dogon layi da alli a ƙasa. Ka tsaya layin ya ratsa tsakanin ƙafafunka: yatsun ƙafar hagu suna taɓa shi ta gefe ɗaya a gaba, dunduniyar dama tana taɓa shi ta ɗaya gefen a baya. Tazarar ƙafafun ta ɗan ɗara faɗin kafaɗunka. Dunduniyar baya ta ɗan ɗaga, yadda za a iya zura takarda a ƙarƙashinta. Gwiwoyi su yi laushi, kada su sandare. Nauyinka rabi a gaba rabi a baya.

Haɓa ta sauko kusa da ƙirji, kana kallo ta ƙarƙashin gira. Hannun dama ya zauna a kumatu, na hagu ya ɗan yi gaba daidai ƙasan ido. Gwiwoyin hannu su kwanta a kan haƙarƙari. Kafaɗu a sake. Mai farawa yakan ɗaure jikinsa tamau har jijiyar wuya ta fito, kuma wannan ɗaurewar ce ke cinye masa numfashi tun kafin ya kai duka ko ɗaya.

Gwajin shi ne wanda na faɗa a farko. Abokinka ya tura ka a kafaɗa ta gaba, ta baya, ta dama, ta hagu. In ka gusa, wani abu bai zauna ba: ko ƙafafun sun hau layi ɗaya kamar mai tafiya a kan katanga, ko gwiwoyin sun miƙe. Ku gyara, ku sake. Wanda zai haɗa da shuri ya ɗan matso da ƙafafunsa, ya fi fuskantar abokin karawa, ya rage nauyi a ƙafar gaba don ya iya ɗaga ta da sauri.

Mataki na 3: Taku

A nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina, kuma a nan yara suka fi gundura. Wasu ma daga nan suke daina zuwa. Ina jin zafin tafiyarsu, amma ban taɓa rage makonnin taku ba saboda haka.

Dokar ɗaya ce. Ƙafar da ta fi kusa da inda za ka ita ke fara motsawa, ɗayar ta biyo da tazara daidai da wadda ta farko ta ci. Za ka gaba, hagu ta fara. Za ka baya, dama ta fara. Za ka hagu, hagu. Za ka dama, dama. Ƙafafu ba sa haɗuwa, ba sa gittawa juna. Duk lokacin da suka gitta, a daƙiƙar nan ba ka da naushi ba ka da kariya, iska ma tana iya kayar da kai.

Zana murabba'i a ƙasa, kowane gefe mita biyu. Bi gefunansa kana fuskantar gabas kaɗai: gaba, dama, baya, hagu, sannan ka juya zagayen. Turmi biyu. Bayan kowane taku ka tsaya cak, ka dubi ƙafafunka, ka tabbata sun koma yadda suke a mataki na biyu. A kwanakin farko ka duba da ido, daga baya ka bar jiki ya faɗa maka.

Sai juyi. Ka kafa gaban tafin ƙafar hagu kamar an buga masa ƙusa, ka ja ƙafar dama ta baya ta zagaya har ka fuskanci arewa ko kudu. Wannan juyin shi ke fitar da kai daga gaban mai afkowa, ya wuce kamar sa ya kufce wa mahauci, kai kuma kana gefensa. Sau ashirin kowane ɓangare.

Na uku wasan madubi ne. Ku fuskanci juna da abokinka, tazarar hannu ɗaya da ɗan ƙari. Shi ke ja, kai ke bi: ya matso ka ja baya, ya ja baya ka matsa, tazarar kada ta canza. Babu duka ko ɗaya. Bayan turmi ku yi musaya. Wannan wasan ne ke koyar da sanin tazara, kuma ɗan damben da ya san tazara ya gama rabin aikinsa.

Wanda ke ganin taku ɓata lokaci ne ya tuna Anthony Joshua. A watan Yunin 2019 a New York ya tsaya musayar wuta da Andy Ruiz, aka kai shi ƙasa sau huɗu, ya rasa kambunansa. Watan Disamba na shekarar, a Diriyah ta Saudiyya, mutum ɗaya ne da hannuwa iri ɗaya, amma ya zo da ƙafa da naushin hannun gaba. Turmi goma sha biyu yana zagaye Ruiz, ya karɓe kambunan da maki.

Mataki na 4: Naushi shida

A gidajen boksin lamba ake ba naushi don koci ya riƙa kira da sauri. Ɗaya shi ne miƙaƙƙen naushin hannun gaba, wanda ake ce wa jab. Biyu miƙaƙƙen na hannun baya. Uku da huɗu su ne masu lanƙwasa ta gefe, hagu da dama. Biyar da shida masu tasowa daga ƙasa zuwa haɓa. Makonni biyun farko, ɗaya da biyu kawai za ka taɓa.

Ɗaya: hannun hagu ya fita kai tsaye daga fuska, ba ja da baya, ba saukarwa. Dab da ƙarshe ya juya, bayan hannu ya kalli sama, kafaɗa ta ɗago ta rufe haɓa. Ƙasusuwan manuni da yatsan tsakiya ne ke sauka, wuyan hannu a miƙe sambal. Ka dunƙule hannun sosai a lokacin saukar kawai. Ka fitar da iska ta haƙora, "tsss", tare da kowane duka.

Biyu: dunduniyar dama ta juya waje kamar kana murje kunama a ƙasa, gwiwa ta shigo ciki, ƙugu ya juya, sannan hannu ya tafi. In ka ji nauyin dukan a kafaɗa kaɗai, ba ka yi shi ba tukuna. A cinya da ƙugu ya kamata ka ji shi.

Akwai kuskure biyu da kusan kowa ke yi, kuma kowanne yana da maganinsa. Na farko buɗe gwiwar hannu kamar fiffiken kaza. Maganinsa bango: ka tsaya kafaɗar hagu na kusan shafar bango, ka kai ɗaya sau hamsin. In gwiwar hannu ta buɗe za ta gogi siminti, ba sai koci ya yi magana ba. Ka juya ka yi wa dama haka.

Na biyu ya fi haɗari, shi ne rashin dawo da hannu. Yaro zai kai naushi mai kyau, sannan hannun ya sauko ƙirji ko ƙugu kafin ya koma fuska, ko kuma ya kai da hagu dama ta sauka da kanta. A wannan 'yar ƙofar ake shigowa a kwantar da mutum. Abin da muke yi shi ne abokin atisaye ya sa silifas a hannuwansa biyu, ya tara maka ka buga, kuma duk hannun da bai koma kumatu ba ya ɗan shafe ka da silifas a kunnen wannan gefen. A hankali, ba mari ba. Kwana uku kunnen zai koya wa hannun hanyar gida. Don haɓa kuma, ka maƙale ƙwallon tanis ko dunƙulen safa tsakaninta da ƙirji kana naushi. In ta faɗi, ka ɗaga kai ke nan.

Mako na uku ka shigo da uku. Gwiwar hannu ta ɗago daidai da dunƙulen, hannun ya lanƙwashe kamar kusurwar ɗaki, gaban ƙafar hagu ya juya, nauyi ya koma ƙafar dama. Hannun kusan ba ya motsi da kansa, jiki ne ke juyawa da shi. Kada ka ja shi baya don ɗauko ƙarfi, yin haka sanarwa ce ga abokin karawa. Biyar da shida daga gwiwa suke tasowa: ka ɗan durƙusa, ka miƙe da dukan, kada hannun ya sauka neman ƙarfi a ƙugu.

Mataki na 5: Dambe da inuwa

Turmi uku kullum, kafin buhu. Amma ba kaɗa hannu a iska ba ne. Ka ƙirƙiro mutum a gabanka, ka san tsawonsa, ka san ko bahago ne, ka ga yana kawo maka duka. Turmin farko taku da jab kawai. Na biyu ka haɗa ɗaya-biyu, ɗaya-ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, kuma bayan kowace haɗaka ka bar wurin da kake tsaye. Na uku ka fara da kariya, ka rama. Kada ka miƙar da gwiwar hannu har ta ƙulle da ƙarfi tunda babu abin da zai tare dukan. Da hantsi ko da la'asar sakaliya inuwarka a jikin bango madubi ce kyauta.

Mataki na 6: Buhu

To ga abin da kake ta jira. Naɗe hannu tukuna: wuyan hannu sau uku, ƙasusuwan bayan yatsu sau uku, ka ratsa tsakanin yatsu, ka kama babban yatsa, ka ƙare a wuyan hannu. In yatsu suka fara sanyi ko tsami, ya yi tsauri, ka kwance.

Turmi na 1, jab kaɗai, kana zagaye buhun hagu da dama. Na 2, ɗaya-biyu sannan taku ɗaya baya. Na 3, ɗaya-biyu-uku sannan juyi. Na 4, sama da ƙasa: ka lanƙwasa gwiwa ka kai ciki, ka taso ka kai kai. Na 5 na numfashi ne, daƙiƙa goma sha biyar na miƙaƙƙun naushi ba tsayawa, daƙiƙa goma sha biyar na taku, har turmin ya cika.

Ka saurari buhun. In yana lilo sosai kamar shillo, tura shi kake yi. Naushi mai kyau ƙara yake yi "tas", buhun ya girgiza a inda yake, hannu ya riga ya koma fuska. Kuma ba kowane duka ake zuba wa ƙarfi ba. Cikin goma, bakwai na taɓawa ne da auna tazara, uku ne na gaske.

Mataki na 7: Kariya

Ɗaura igiyar shanya tsakanin itace biyu daidai tsayin kafaɗarka, tsawon kamar mita biyar. Ka tsaya kanka na gefe ɗaya. Ka lanƙwasa gwiwa ka nutse ta ƙarƙashinta ka ɓullo ɗaya gefen kana taku gaba, idonka na kallon gaba ba ƙasa ba. Da gwiwa ake sauka, ba da sunkuyar da baya ba. In ka kai ƙarshe ka dawo da baya-baya. Bayan mako guda ka ƙara naushi biyu duk lokacin da ka ɓullo.

Da aboki kuma, ya riƙa kawo jab a hankali zuwa goshinka. Sau goma ka kaɗe shi da tafin hannun dama, ɗan kaɗan, kada hannun ya bi shi nesa da fuska. Sau goma ka kauce dama. Sau goma ka kauce hagu. Sau goma ka ja baya taku ɗaya ka dawo da naushi mai lamba biyu. Daga nan ya daina faɗa maka wanne za ka yi, kai za ka zaɓa. Kaucewar kada ta wuce faɗin dunƙulen hannu.

Ka riƙa sauya kariyarka, kada ka saba da gefe ɗaya. A watan Agustan 2022 Kamaru Usman yana gaba da maki a karawarsa ta MMA da Leon Edwards, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi daga turmi na biyar. Edwards ya nuna masa naushin hagu, Usman ya kauce dama, ya tarar da ƙwaurin hagu yana jiran kansa a can. A nan kambun ya tafi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: in wasanka akwai shuri a ciki, ko kana kaucewa hannu yana nan a kumatu.

Mataki na 8: Ƙafa

Mai boksin zalla ya tsallake wannan. Sauran ku fara da tsayuwa a ƙafa ɗaya, gwiwa a ɗage, hannuwa a fuska, daƙiƙa talatin kowace ƙafa. Wanda bai iya wannan ba bai isa shuri ba.

Shurin farko na turawa ne. Ɗaga gwiwa, miƙa ƙafa, gaban tafin ƙafa ya sauka a cikin abokin karawa, ƙugu ya ɗan shiga gaba, ka janye ƙafar ta hanyar da ta fita kafin ka ajiye ta. Shi ne jab ɗin ƙafa. Dafa bango ka yi ashirin a hankali ƙwarai, kowace ƙafa, sannan ka kai wa buhu.

Na biyu shurin cinya. Ƙafar hagu ta ɗan taka gefe ta waje, ka juya a kan gabanta har dunduniya ta kusa kallon buhu, ƙugu ya kifu, ƙafar dama ta zo kamar gora. Da ƙwauri ake bugawa, ba da bayan ƙafa ba, don ƙananan ƙasusuwan ƙafa ba sa jure karo da gwiwa. Hannun hagu ya tsare fuska. Kariyarsa ita ce ɗaga gwiwa sama da ɗan waje, ƙwauri ya tare ƙwauri. Ba ƙaramar kariya ba ce: da ita ɗan wasan MMA Chris Weidman ya tare shurin Anderson Silva a watan Disambar 2013, ƙafar Silva ta karye nan take. Saboda haka in kuna gwadawa, a hankali, kuma da abin kare ƙwauri. Masu murza kwalba a ƙwauri ko dukansa da icce wai don ya yi tauri, rauni suke tara wa kansu. Buhu da watanni ne ke gina ƙwauri.

Dukan gwiwa da na gwiwar hannu a bar su a kan buhu kawai. Ba a gwada su a jikin abokin atisaye.

Ga 'yan damben gargajiya

Ina yawan zuwa kallo gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei, wani lokaci Maraba. Duk wanda ya zauna ya ga ɗan Arewa da ɗan Kudu ko Guramaɗa sun sa zare, kalangu na tashi, kowa ya miƙa hannun garkuwa yana auna ɗan'uwansa, ya san mutanen nan sun iya tazara da haƙuri fiye da yawancin masu safar hannu. Ɗan dambe yana iya cinye turmi guda yana jiran kuskure ɗaya, kuma tunda taɓa ƙasa da hannu ko gwiwa kisa ne, ƙafarsa a kafe take. Wannan gado ne mai tsada, kada ya raina shi.

Amma in zai shiga boksin ko kikboksin, abu biyu zai sake koya. Hannun da ya saba miƙawa a buɗe dole ya zama makami, don haka wata guda na jab kaɗai a kan buhu. Hannun da ya saba ɗaurawa kuma, wanda yake ja baya can nesa yana lilo da shi, dole ya dawo kumatu ya koyi fita a miƙe. Atisayen bango da na silifas nasa ne kafin kowa.

Mataki na 9: Gwada hannu da mutum

Ba kafin wata biyu ko uku ba, kuma hawa-hawa. Ku fara da wasan taɓa kafaɗa: hannu a buɗe, kowa na neman taɓa kafaɗar ɗan'uwansa ba tare da an taɓa tasa ba. Sai turmin jab kaɗai. Sai turmin da mutum ɗaya ke kai hari ɗaya na karewa. Sai na jiki zalla, babu kai. A ƙarshe ne ake sakin hannu, da safa mai oza 16, da robar haƙora, da babba a tsaye yana kallo, kuma ƙarfin kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Sau ɗaya a mako ya isa. Ranar da na ga idon yaro ya canza launi ya fara neman ramuwa, nan take nake cewa, "Ya isa, ƙanena, cire safar ka je ka sha ruwa."

Maganar kai ba ta wasa ba ce. Hular kariya tana rage tsagewar fata, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. Wanda aka buga ya ji jiri, ko ciwon kai, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko ya manta abin da ya faru, ya gama na ranar, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. In amai ya biyo baya, ko barci mai nauyi, ko magana ta harɗe, ko jijjiga, a kai shi asibiti a lokacin, ba gobe ba. A dokar damben 'yan koyo, wanda aka sumar da dukan kai yana hutun aƙalla kwana 30 kafin ya sake karɓar duka. Mu ma haka muke yi a filinmu. Wanda kuma ya zo da tiramadol a jikinsa don kada ya ji zafi, ba ya taɓa safata. Zafi shi ne ke gaya maka wani abu ya lalace.

Yadda za ka raba mako

Kwana huɗu sun wadatar. Litinin taku da naushi da buhu. Talata gudu na minti ashirin zuwa talatin da motsa ciki da wuya. Alhamis kariya da aikin silifas da shuri. Asabar a haɗa duka, a gwada hannu in lokacinsa ya yi. Kowane zama awa ɗaya zuwa ɗaya da kwata.

Daga Fabrairu zuwa Afrilu ranar Abuja ba ta da sauƙi, don haka bayan sallar asuba ko bayan la'asar, da ruwa a gefe ana kurɓa tsakanin turmi. Lokacin hunturu a ƙara tsawon ɗumama jiki. Da azumi muna rage komai: taku da dambe da inuwa kaɗan kafin shan ruwa, buhu sai bayan tarawihi, gwada hannu kuma sai bayan sallah.

In ka cika mako shida, jingina wayarka a jikin dutse ka ɗauki bidiyon turmi ɗaya na dambe da inuwa da ɗaya na buhu. Kalle shi a hankali, kana tsayar da shi duk inda naushi ya miƙe. Duba abu huɗu: ina ɗaya hannun yake, ina haɓa take, dunduniyar baya ta juya ko tana manne da ƙasa, ƙafafu sun gitta ko ba su gitta ba. Ƙirga sau nawa kowanne ya kuskure ka rubuta a takarda. Wanda ya fi yawa shi ne aikinka na mako biyu masu zuwa, minti goma a farkon kowane zama, sannan ka sake ɗaukar wani bidiyon daga wuri ɗaya ka kwatanta.